Shekara Biyu Ina Karatun Motsa Jiki da Shaƙatawa a Jos

A ranar da na kai wa Baba takardar samun gurbin karatu, ya daɗe yana dubanta a zauren gidanmu da ke Unguwar Rogo kafin ya ɗago kai ya ce, "Yanzu ke duk ilimin da ke duniya, guje-guje da tsalle-tsalle kika zaɓa?" Na durƙusa na ce, "Baba, ka yi haƙuri, ba wasa kaɗai ake koyarwa ba, akwai sanin jikin ɗan Adam a ciki." Bai gamsu ba a ranar, sai da Kawu, ƙanin Umma, wanda ya daɗe yana koyarwa a firamare, ya zauna da shi bayan sallar isha'i, ya tuna masa cewa Manzon Allah (SAW) da kansa ya yi tsere da Nana A'isha, sannan ya tambaye shi ko ya fi son maza su ci gaba da koya wa 'yan mata motsa jiki a makarantu saboda rashin mata a fannin. Baba ya amince bisa sharaɗi biyu: kada suturata ta canja, kuma kada magariba ta same ni a waje.

Abu biyu ne suka kai ni ga wannan karatu. A ƙaramar sakandare ni ce nake yi wa gidanmu na wasanni a makaranta gudun mita 400, amma da muka shiga babbar sakandare sai 'yan mata suka koma zaman gindin bishiya a duk lokacin darasin wasanni, domin malamin namiji ne, kuma babu wadda take son yin gudu a gabansa da a gaban samarin ajinmu. Na biyu kuwa Umma ce. Likita ya tabbatar mata da hawan jini, ya rubuta mata magani, ya kuma ce ta riƙa yin tafiya kullum. Maganin ta riƙe shi, amma tafiyar ta ajiye ta, saboda a unguwarmu mace mai shekara hamsin ba ta fita yawo ba tare da wani dalili ba sai an tare ta ana tambayar ko lafiya.

Difloma ce ta shekara biyu, zango huɗu, a wata makaranta da ke nan cikin Jos. An nemi kiredit biyar a jarrabawar WAEC ko NECO, ciki har da Turanci da lissafi da bayoloji, an kuma nemi takardar shaidar lafiya daga asibiti. Bayan tantance takardu sai aka fitar da mu fili da sassafe, cikin sanyin Jos mai ratsa ƙashi, aka ce kowa ya yi gudu na minti 12, a auna nisan da ya ci. Daga baya na san cewa wannan gwaji ne da wani likita Ba'amurke, Kenneth Cooper, ya fitar a 1968 domin auna ƙarfin zuciya da huhu. Na yi gudun da dogon wando mai faɗi, da riga har gwiwa, da ƙaramin hijabi wanda ba ya buƙatar fil, domin malamarmu ɗaya tilo mace a sashen ta gargaɗe mu tun da farko cewa fil ko allura a filin wasa haɗari ne ga mai ita da wadda ta yi karo da ita. Ita ce kuma ta gaya mana cewa tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa na duniya suka yarda a buga wasa da rufin kai, saboda haka kada mu bari kowa ya sa mu ji kamar alfarma ake yi mana.

Zangon farko ya zo wa yawancinmu a ba-zata. Samarin ajin da dama sun shigo da tunanin cewa ƙwallo za a buga daga safe zuwa yamma, kuma ba laifinsu ba ne, domin garin da ya haifi Mikel Obi da Ahmed Musa, garin Mighty Jets da ta ci gasar lig ta farko a Najeriya a 1972, da Plateau United da ta ci a 2017, dole yaransa su taso da wannan buri. Sai ga shi an ajiye mana ƙwarangwal na roba a gaban aji an ce mu haddace ƙasusuwa 206 na jikin baligi, mu san kowace gaɓa da irin juyin da take yi, mu san tsokar da ke lanƙwasa gwiwa da wadda ke miƙar da ita. Mutum huɗu suka bar karatun kafin jarrabawar farko. Ni kuwa a nan ne na fara jin cewa ban yi wa Baba ƙarya ba. Na koyi ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ban da babban yatsa domin shi ma yana da nasa bugun, in ƙirga na daƙiƙa 15 in ninka sau huɗu. Na san cewa zuciyar baligi mai hutawa tana bugawa tsakanin sau 60 zuwa 100 a minti, kuma idan aka cire shekarun mutum daga 220 za a sami kintacen iyakar bugun da zuciyarsa za ta kai yayin aiki mai tsanani, kodayake Malam ya nanata mana cewa kintace ne kawai, kuma bai isa a jingina ran mai ciwo a kansa ba.

Darasin da ya fi kama hankalin ajin shi ne na tudu da numfashi, saboda magana ce a kan ƙasar da muke tsaye a kai. Jos tana kimanin mita 1,200 sama da teku, kuma gwargwadon hawan mutum sama, gwargwadon raguwar nauyin iska, ta yadda kowane numfashi yake shigar da oksijin ƙasa da na mai zaune a bakin teku. Jikin da ya daɗe a tudu yakan ƙara yawan jajayen ƙwayoyin jini domin cike wannan giɓi. Abokan karatunmu 'yan Pankshin da Mangu suka fara alfahari, suna cewa shi ya sa 'yan Filato suke yawan shiga gaba cikin 'yan Najeriya a gudun famfalaki. Malam ya bar su suka gama, sannan ya rubuta a allo cewa garin Iten na Kenya, inda zakarun dogon gudu suke atisaye, yana kimanin mita 2,400, wato ninki biyu na Jos. Ya ce tudunmu yana taimakawa, amma yaron da ke taka kilomita da yawa zuwa makaranta da gona tun yana ƙarami, da abincin da yake ci, da mai horarwar da ya samu ko bai samu ba, duk suna cikin lissafin.

A zango na biyu aka fara koya mana agajin gaggawa, kuma a nan ne karatun ya canja kama a wurina. Malamin ya buɗe darasin da labarin ɗan ƙwallon Najeriya Samuel Okwaraji, wanda ya yanke jiki ya faɗi a filin wasa na ƙasa da ke Surulere a Legas ranar 12 ga Agusta 1989, ana tsakiyar wasa da Angola, kuma bai tashi ba. Ya ce duk wanda ya hura usur ya tara mutane su yi gudu, to ya ɗauki amanar jikinsu har su koma gida, kuma wanda bai shirya ɗaukar wannan amana ba gara ya ajiye usur ɗin. Muka durƙusa a kan mutum-mutumin roba muna danna ƙirji sau 30, mu hura numfashi sau 2, da saurin dannawa 100 zuwa 120 a minti da zurfin santimita 5 zuwa 6, har hannuwanmu suka yi tsami. An haɗa ni da wata 'yar Birom daga Bukuru domin gwajin ɗaure bandeji da ɗaukar majinyaci. Rikice-rikicen 2001 da 2008 da 2010 sun raba unguwannin Jos ta yadda ita ba ta taɓa shiga Unguwar Rogo ba, ni ma ban taɓa taka layinsu ba, amma mako shida muka yi kowace tana miƙa wa 'yar'uwarta ƙafa da wuya, kuma har yau ita nake fara kira idan wani abu ya shige mini duhu a aiki.

Abin da na koya game da targaɗe ya saɓa wa abin da na taso na gani. A gida, da zarar yaro ya gurɗe ƙafa sai a dafa ruwan zafi a gasa wurin, a ja, a murza da man zafi. A makaranta kuwa an nuna mana cewa a kwana biyun farko jini da ruwa ne ke taruwa a wurin da jijiyar gaɓa ta yage, kuma zafi da murza suna ƙara kumburin. Abin da ake so shi ne a hutar da ƙafar, a naɗe ƙanƙara a tsumma a ɗora na minti 15 zuwa 20, a ɗaure da bandeji ba tare da matsewa ƙwarai ba, a ɗaga ta sama da ƙirji. Ban raina masu ɗorin gargajiya ba, domin na ga waɗanda suka warke a hannunsu, amma na fahimci cewa ido da hannu kaɗai ba sa bambance targaɗe da tsagewar ƙashi a kowane lokaci, kuma yaron da ya kasa taka ƙafarsa hoto ya kamata a fara yi masa a asibiti.

Akwai wurin da karatuna ya rage da giɓi, kuma ba zan ɓoye shi ba. Iyo yana cikin manhaja, amma wurin iyon da makarantar take haya ba shi da lokacin mata zalla, saboda haka mu huɗu muka ɗauki darasin a takarda da bakin ruwa kawai. Wannan ya dame ni ƙwarai, domin Jos da kewayenta cike suke da kududdufan da haƙar kuza ta bari tun farkon ƙarni na 20, masu zurfi da gangara mai santsi da ruwa mai sanyi, kuma yara suna zuwa wanka a cikinsu. Abin da na samu na riƙe shi ne ƙa'idar ceto daga tudu: wanda bai ƙware ba kada ya faɗa ruwa don ceton wani, ya kwanta a gaɓa ya miƙa doguwar sanda, ko ya jefa jarka rufaffiya wadda babu komai a cikinta ɗaure da igiya, yana kuma kiran taimako.

Shekara ta biyu ta fi karkata ga shaƙatawa da tsara wasanni. Kafin nan ina ɗaukar shaƙatawa a matsayin abin masu hali, irin masu zuwa filin golf na Rayfield da ke nan tun 1913, ko masu kai iyalinsu gandun namun daji na Jos ranar sallah. Sai aka fassara mana ita da cewa duk abin da mutum ya zaɓa da kansa ya yi a lokacin da ba na aiki ba, domin jikinsa da hankalinsa su wartsake. Da wannan ma'auni, langa da kokawa da dambe da dara da carafke da 'yar gala-gala duk sun shiga. Na roƙi ƙannena mata da ƙawayensu su yi gaɗa ta minti goma a tsakar gida, na auna bugun zuciyarsu kafin su fara da bayan sun gama, na tarar ya hau kamar na wanda ya yi sassarfa. Na rubuta wannan a aikin gida, kuma shi ne karo na farko da na ga cewa abin da ake nema a littafi yana nan a dandalinmu, sai dai dandalin ne yake ɓacewa, domin kusan duk wani fili da na sani ina yarinya yanzu shaguna ne ko gareji. Mun kuma hau duwatsun Shere, waɗanda ƙololuwarsu ta haura mita 1,800, kuma makin da aka ba mu ya dogara ne a kan takardar shirin da kowa ya rubuta kafin tafiya: yawan ruwan sha, wanda zai kasance a gaba da wanda zai tsare baya, masu asma a cikin tawaga, da hanyar sauko da wanda ya ji rauni.

Sai horon sanin makamar aiki, wanda na yi a wata makarantar 'yan mata ta kuɗi a cikin gari, daidai lokacin da suke shirin gasar wasannin gidaje. Filinsu ba zai ɗauki zagayen mita 400 ba, saboda haka na zana na mita 200: miƙaƙƙun hanyoyi biyu masu mita 50 kowace, da lanƙwasa biyu masu mita 50 kowace, waɗanda na fitar ta hanyar kafa turke da ja da igiya mai tsawon kusan mita 16. Kusurwoyin filin ƙwallon raga, mai mita 18 da 9, na daidaita su da dabarar 3 da 4 da 5, wato idan gefe ɗaya ya yi mita 3, ɗayan mita 4, kuma tsakaninsu ya ba da mita 5 cif, to kusurwar ta tsaya daidai. Mun yi kwana uku ni da maigadi da ɗalibai shida muna zuba farar ƙasa da gwangwanin da aka huda, iskar hunturu tana kwashe rabi muna sakewa.

A nan ne na gano wani abu da ya daɗe yana faruwa a makarantar ba tare da kowa ya lura ba. Shekara da shekaru ana jera 'yan tseren zagaye ɗaya a kan layi guda, kuma a ce kowace ta tsaya a hanyarta har ƙarshe. Faɗin kowace hanya mita 1.22 ne, kuma lissafin da'ira ya nuna cewa a zagaye ɗaya, duk wadda ke hanyar waje tana yin kimanin mita 7.67 fiye da maƙwabciyarta ta ciki, komai girman filin ko ƙanƙantarsa. Ke nan yarinyar da ke hanya ta huɗu tana gudun ƙarin mita 23 ba tare da ta sani ba. Na sami shugabar makarantar a ofishinta na ce, "Hajiya, ranki ya daɗe, ina neman izini in matsar da wurin tashin kowace hanya gaba, domin yadda ake yi yanzu ana tauye na waje." Ta ce, "Malama, iyaye za su ga kamar an fifita wasu, tunda za su ga wata a gaba wata a baya." Na roƙe ta ta fito fili, na sa ɗalibai biyu suka bi hanya ta ɗaya da ta huɗu da tef ɗin awo a gabanta. Da ta ga adadin da idonta sai ta yi shiru, can ta ce akwai gidan da aka daɗe ana yi wa dariya cewa ba su iya gudu ba, kuma su ake ba hanyar waje kowace shekara saboda sunan gidansu ne na ƙarshe a jerin. Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin na san yadda yarinya 'yar shekara goma sha uku take yarda da abin da aka faɗa mata game da jikinta, ta kuma daina gwadawa.

Ranar gasar, bayan gudun miƙa sanda, wata ɗaliba ta yanke jiki ta faɗi a bayan layin ƙarshe. Kafin in isa an yi mata rumfa, wata tana ƙoƙarin ɗaga ta zaune, wata ta kawo ruwan leda za ta ɗura mata a baki. Na ɗaga murya na ce a ja baya, na hana ba ta ruwan domin wanda ba ya cikin hayyacinsa yana iya shaƙewa, na duba na tabbatar tana numfashi, na kwantar da ita na ɗaga ƙafafunta a kan jakar makaranta, na sassauta mata hijabi ta wuya. Cikin ƙasa da minti biyu ta buɗe ido. Da ta dawo daidai ta gaya mini cewa ba ta karya kumallo ba, saboda an ce mata mai gudu ba ya cin abinci. Na sa aka kira mahaifiyarta, na kuma ba da shawarar a kai ta asibiti a duba jininta da zuciyarta, tunda suma a lokacin gudu ba abin da ake wucewa a kai ba ne. Sai da na koma gida na zauna sannan hannuwana suka fara rawa.

Kundin bincikena na ƙarshe a kan matan aure na unguwarmu na rubuta shi. Hukumar Lafiya ta Duniya tana ba da shawarar baligi ya sami minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, yara kuma minti 60 a kullum, kuma tambayata ita ce a ina macen da ba ta fita sai da dalili za ta sami wannan. Na nemi izinin shugaban Islamiyyar da Umma take zuwa, ya ba mu harabar makarantar ranar Asabar da Lahadi bayan an tashi, a rufe ƙofa. Mata tara suka fara zuwa, Umma ta goma. Muna ɗumama jiki, mu yi tafiya mai ɗan sauri muna zagaya harabar na minti 20, mu miƙe gaɓoɓi, kuma duk mai hawan jini ko ciwon suga na ce sai ta tambayi likitanta tukuna, kada kuma ta ajiye maganinta saboda ta fara tafiya. Ma'aunin da na ba su mai sauƙi ne: idan kina iya magana amma ba ki iya rera waƙa, saurin ya yi daidai.

Da sakamako ya fito na kai wa Baba, ya sa albarka, sannan ya yi tambayar da ta dace: "To, wane aiki takardar nan za ta ba ki?" A nan yana da gaskiya, kuma ina so duk mai sha'awar wannan hanya ya san haka tun kafin ya sayi fam. Mafi ƙarancin shaidar koyarwa da gwamnati ta amince da ita a Najeriya ita ce NCE, wadda ake yi shekara uku a kwalejin ilimi, saboda haka difloma ta shekara biyu ba ta kai mutum ga aikin koyarwa na gwamnati kai tsaye. Abin da take buɗewa shi ne makarantun kuɗi, da wuraren motsa jiki, da ƙananan ƙungiyoyin wasa, da kuma damar neman shiga aji biyu na jami'a ta hannun JAMB, idan sakamakon ya yi kyau kuma jami'ar tana karɓar irin wannan diflomar. Na cike wannan fam ɗin, ina jiran fitowar sunaye.

Kafin nan, makarantar da na yi horo ta ɗauke ni kwana uku a mako, matan Islamiyya kuma sun kai ashirin da biyu, har harabar ta fara yi mana kaɗan. Igiyata da turakuna da tef ɗin awo suna cikin buhu a ƙarƙashin gado. Wata firamare a Rikkos ta aiko a zana mata fili kafin gasarsu ta wata mai zuwa, kuma na je na duba wurin jiya: akwai gangara ta gefen gabas da wani dutse a daidai inda lanƙwasa ta biyu za ta bi, saboda haka sai na sake lissafin da zagayen mita 150.